Amsa ga mai son yin fim ɗin dokumentari a kan Sallar Gani: me zai fara saya, ta ina kuma zai fara?

Wani matashi daga Daura ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya kammala karatun aikin jarida, yana da waya mai ɗaukar hoto da kyau, ya kuma tara 'yan kuɗi daga ɗaukar bidiyon bukukuwan aure, yanzu yana so ya yi fim ɗin dokumentari a kan Sallar Gani da rijiyar Kusugu domin duniya ta san Daura. Yana son ya san wace kyamara zai saya, ta ina zai fara, kuma ta wace hanya fim ɗin zai kai ga bukukuwan baje kolin finafinai na ƙasashen waje.

Ƙanena, Allah ya sa wa niyyarka albarka. Zan fara da abin da na tabbata ba shi ka so ji ba, wato kada ka sayi kyamara yanzu. Na shafe shekaru fiye da ashirin ina wannan aiki tsakanin Katsina da Kaduna da Maraɗi, kuma cikin finafinan da na ga sun lalace a hannun matasa masu ƙwazo, ƙalilan ne ƙwarai waɗanda rashin kyamara mai tsada ya kashe. Galibinsu abu biyu ne ya kashe su: babu mutumin da mai kallo zai bi daga farko zuwa ƙarshe, sannan ba a jin abin da ake faɗa a cikinsu da kyau. A kan waɗannan biyun zan fi daɗewa, domin su ne aikin.

Sallar Gani maudu'i ce, ba ta kai ga zama labari ba tukuna. Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, wayoyi marasa adadi suna ɗaukar dawaki da mahaya da dogarai da 'yan lifida, kafin magariba kuma hotunan sun cika Facebook da TikTok. Idan kai ma ka ɗauko irin wannan, ka ɗora muryarka a kai kana cewa Daura ta Abdu tushen Hausa, abin da kowa ya riga ya gani ka maimaita. Ka tuna yadda kakanninmu suke ba mu tatsuniya. Ba su taɓa cewa ga ta nan ga ta nanku sannan su shiga bayanin yanayin daji da ire-iren itatuwansa ba, Gizo suke kawo mana da yunwarsa da abin da ya tsaya tsakaninsa da abincin, mu kuwa sai barci ya gagare mu sai mun ji ƙurunƙus. To kai ma ka nemi mutum ɗaya wanda Gani take da nauyi a rayuwarsa. Yana iya zama badukun da yake kwana a kan kayan doki makonni kafin hawa, yana fafutukar cika alkawarin masu sarauta alhali fata ta yi tsada. Yana iya zama mai busa algaita da ya gaji sana'ar daga kakansa, ɗansa kuwa ya fi son ya ja acaba. Yana iya zama yaron barga da ya shekara yana wanke doki yana ba shi harawa, bana kuma aka ce shi ma zai hau a tawagar hakimi. Duk wanda ka zaɓa, ka tambayi kanka me yake so, me zai iya hana shi, kuma me zai sauya a gare shi tsakanin ranar da ka fara ɗauka da daren da aka sauka daga hawa. Idan ka iya amsa waɗannan a cikin jimla biyu, kana da fim. Hawan da kansa zai shigo a matsayin ranar da komai ya haɗu, mai kallo kuma zai kalle shi da idon mutumin da ya riga ya sani.

Samun wannan mutumin da samun yardarsa shi ne abin da zai fi cin lokacinka, kuma bai kamata ka ji haushin hakan ba. A Daura ba a shiga irin wannan aiki ta bayan gida. Ka fara da mai unguwarku, shi zai nuna maka wanda ya dace ka gani a fada, ka kuma rubuta takarda zuwa ga majalisar masarauta kana bayyana ko kai wane ne, me za ka ɗauka, da inda za a nuna shi. Haka nan masu kula da Kusugu, ka nemi izininsu kafin ka kafa komai a wurin. Shi kuwa wanda ka zaɓa, ka je masa sau uku ko huɗu hannu rabbana, babu waya a tsaye, ka gaishe shi, ka zauna a zaurensa ko a rumfarsa, ka ga lokacin da yake aiki da lokacin da ba ya son magana. A waɗannan ziyarori ne za ka ji labaran da daga baya za ka roƙe shi ya maimaita, a nan ne kuma yaran gidan za su gaji da kallonka, wanda babbar riba ce, domin ranar da ka fito da waya ba za su taru suna leƙe ba.

Maganar izini ina ɗaukarta da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarta a nan. Dattijon da ya ce maka ba komai, ɗauka, sau da yawa yana zaton abin zai tsaya a wayarka ne ko a gidan talabijin na jiha. Wajibi ne ka faɗa masa a fili cewa za a sa shi a intanet, surukansa na Kano da 'ya'yansa da ke Legas da mutanen da bai taɓa gani ba duk za su iya kallonsa, kuma da zarar ya fita ba ya dawowa. Idan ya yarda bayan wannan bayani, ka ɗauki yardar tasa a bidiyo da Hausa, da sunansa da kwanan wata, ko da akwai takardar da ya sa wa hannu, domin takardar Turanci da mutum bai karanta ba ba ta sauke maka nauyin da ke wuyanka. Game da kuɗi, kai goro ko turare ga dattijo ladabi ne, biyan mai sana'a ladan yinin da ka hana shi aiki kuma adalci ne, amma kada ka taɓa yin ciniki a kan abin da mutum zai faɗa, saboda wanda ya san ana biyan magana mai daɗi zai ƙara mata gishiri. Sannan ka nemi mace ta shiga cikin aikin tun daga farko, ƙanwarka ce ko abokiyar karatu, ka koya mata riƙe waya da makirufo. Rabin shirin Gani a cikin gida ake yin sa, girki da kitso da lalle da ɗinki da waƙoƙin da tsofaffin mata suke riƙe da su, kai kuwa iyakarka zaure. Finafinan da muka yi a baya da yawa sun fito kamar garuruwanmu babu mata a cikinsu, dalilin ke nan.

Yanzu ga inda kuɗinka za su fara tafiya. Ka sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, da ƙaramar na'urar naɗar sauti idan kuɗin sun kai, da abin sauraro mai rufe kunne, da ƙafar kafa waya, da fawa bank mai ƙarfi, da rumbun ajiyar bidiyo na kwamfuta guda biyu. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma idan ya kasa jin magana na daƙiƙa goma zai wuce. Sirrin sauti kusanci ne. Makirufon da ke kamar taƙi ɗaya daga haɓar mai magana, ko mai araha ne, ya fi na kyamara mai tsada da ke nesa da shi taku biyar. Ka saita naɗin a kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin bidiyo, ka bar ma'aunin ƙarfin murya yana kaiwa wajen 12 ƙasa da sifiri idan mutum ya ɗaga murya, domin sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa. Tufafinmu ma suna da nasu sharaɗin: shadda mai sitati tana ƙara duk lokacin da mutum ya motsa, amawalin rawani yana danne murya, hijabi kuma yana goga makirufo, saboda haka ka gwada wurin maƙalawa kana saurare kafin a fara. Ka roƙi a kashe fanka da janareta, ka san lokacin da injin markaɗen unguwa yake tashi, ka tsara hirarka tsakanin salloli, idan kuma aka kira salla ka tsaya cak. Kukan zabi ko akuya daga nesa ba laifi ba ne, sautin gida ne. Bayan an gama hira ka roƙi kowa ya yi shiru na minti ɗaya ka naɗi shirun ɗakin, za ka buƙace shi wajen toshe gurbin da ka yanke.

Ina nanata maganar abin sauraro ne saboda abin da ya same ni. Shekarun baya na yi hira ta kusan awa biyu da wani tsohon marini a cikin birnin Katsina, mutumin da ya san baba da toka da karofi tun yana yaro, ya kuma san sunayen rini da yanzu ba mai yin su. Na ji nauyin in toshe kunnuwana a gaban dattijo, sai na ajiye abin sauraron. Da na koma gida na kunna, iskar fankar sama ce take dukan makirufo daga farko har ƙarshe, muryarsa tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Na ce zan koma bayan salla, kafin in koma Allah ya yi masa rasuwa. Har yau abin yana damuna, domin abin da ya faɗa a ranar babu wanda zai sake faɗarsa. Tun daga lokacin nake fara ba dattijo haƙuri, in ce Baba, wannan abin da zan sa a kunne don in tabbatar muryarku ta fita ne, ban kuma taɓa samun wanda ya ƙi ba.

Akwai wani abu game da hira da Bahaushe wanda littattafan koyon fim na Turai ba za su faɗa maka ba. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa idan babba yana magana ana amsa masa, na'am, haka ne, ƙwarai kuwa, ikon Allah, ranka ya daɗe. Wanda ya yi shiru ana ganin ya raina mai magana. Amma duk wannan amshi yana hawa kan muryar dattijon a cikin naɗi, kuma ba ya ciruwa. Mafita ita ce ka yi masa bayani tun kafin a fara cewa za ka riƙa gyaɗa kai kawai saboda na'ura, ka kuma roƙi 'yan rakiyar da suka zauna a gefe su yi hakan, wanda ya fi wuya. Kada ka ce masa ya ba ka tarihin Sallar Gani, domin zai ba ka jawabin da ya saba ba baƙi. Ka ce ya ba ka labarin ranar da ya fara busa a gaban sarki, wa ya ɗaura masa rawani, me mahaifinsa ya ce da suka dawo gida. Idan ya kai ƙarshen magana ya yi shiru, kada ka yi gaggawar jefa wata tambaya, ka ƙirga biyar a zuciyarka, sau da yawa abin da ya fi komai daraja a bayan wannan shirun yake fitowa. Ka kuma girmama kunya. Tsohuwar da ba ta faɗar sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kada ka matsa mata, ka bar ta ta ce mai gidan ko ta yi alkunya yadda ta saba, wannan ma wani ɓangare ne na gaskiyar da kake ɗauka.

Maganar hoto gajera ce. Ka saita wayarka a hoto 25 cikin daƙiƙa, saboda wutar lantarkin Najeriya tana kan haz 50, idan ka bar ta a 30 fitilun ɗaki za su iya riƙa ƙyaftawa a bidiyo. Ka ɗauka a kwance. Ka kulle haske a kan fuskar mutum, in ba haka ba farar babbar riga a tsakar rana za ta ruɗi wayar ta mayar da fuskar baƙi ƙirin. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutanka, ƙofar zaure kuma fitila ce da ba ta cin batir idan ka zaunar da mutum haskenta yana dukan gefen fuskarsa. Kowane hoto ka riƙe shi aƙalla daƙiƙa goma ba motsi, ka daina jawo hoto da yatsa, ka taka da ƙafarka ka matsa. Ka ɗauki hannaye suna aiki, da allura, da zufa, da fuskar mai sauraro. A watannin bazara waya tana zafi ta tsaya da kanta, a hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina, don haka ka riƙa yi mata inuwa kana goge gilashinta.

Ranar hawa ba a maimaita maka komai, shi ya sa tilas ka san hanyar da tawaga take bi da inda rana za ta kasance tun kafin ranar. Kai ka manne wa mutuminka tun daga asuba, lokacin da ake ɗaura sirdi ana shiri, wanda galibi ya fi hawan kansa daɗin kallo, ka sa wani ya tsaya a wuri mai tudu ya ɗauki taron. Kakaki da tambari da harbin bindigogin gargajiya suna fasa sauti, sai ka rage ƙarfin naɗi sosai idan sun matso. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa ka cire shi daga lissafi a wannan fim. Dokar ƙasa tana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi kuma ƙararsa tana firgita dawaki a tsakiyar jama'a.

Ka ambaci Kusugu, saboda haka dole mu taɓa tarihi, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Kowane ɗan Daura ya san labarin Bayajidda: wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, tsohuwa Ayana da ta sauke shi, macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, auren Daurama, da Bawo wanda 'ya'yansa suka shiga lissafin Hausa Bakwai. Wannan labari dukiya ce, kuma yadda mutane suke ba da shi abin ɗauka ne. Sai dai masana tarihi irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, dukkansu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi jayayya da ɗaukarsa a matsayin bayanin asalin Hausawa, kuma shi kansa labarin ya nuna cewa baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da maƙera. Ra'ayina shi ne kada muryarka ta yanke hukunci. Ka bar mai kula da rijiya ya ba da labarin da bakinsa, ka bar malamin jami'a ya faɗi abin da bincike ya nuna, mai kallo yana da hankalin da zai riƙe biyun. Abin da ya tabbata kuwa, kamar karɓe Daura da Malam Ishaku ya yi wajen 1805 a lokacin jihadi, da komawar tsohon gidan sarauta Zango da Ɓaure, da dawowarsa Daura a farkon ƙarni na 20 ta hannun Sarki Musa, wannan ka faɗe shi kai tsaye. Don tsofaffin hotuna da takardu ka nufi Arewa House da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da gidan tarihi na Katsina da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Ina roƙonka kada ka sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zana maka Daurama ko Bayajidda ka saka kamar tsohon hoto ne. Tun watan Maris na 2024 YouTube ta wajabta wa masu ɗora bidiyo su bayyana idan sun yi amfani da irin wannan hoto mai kama da gaske, amma ko babu wannan ƙa'ida, hoton ƙarya ɗaya idan ya shiga WhatsApp, bayan shekara biyu ɗalibai za su riƙa kafa hujja da shi. Idan ka sa mutane suka kwaikwayi wani abu da ya wuce, ka rubuta a allo cewa kwaikwayo ne.

Idan ka zo haɗawa, kada ka fara da kwamfuta. Ka zauna ka rubuta duk abin da aka faɗa a hirarraki da hannu, da lokacin da aka faɗe shi, sannan ka ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka taɓa ka, ka jera su a takarda har su zama labari. Aiki ne mai gajiyarwa, amma shi ne yake raba mai fim da mai tara bidiyo. Manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ya ishe ka, idan kuma kwamfutarka ba ta da ƙarfi akwai Kdenlive. Fim ɗinka na farko kada ya wuce minti goma sha biyar. Ka rage muryar mai sharhi iyakar iyawarka. Ka sa fassarar Turanci a ƙasan allo, ka kuma ba ta lokacinta, domin kirari da habaici da karin magana idan aka juya su kalma da kalma sai su zama shirme, gara ka nemi wanda ya ƙware a harsunan biyu ku zauna tare.

Game da kiɗa zan ba ka wani labari da ya faru a maƙwabtanmu. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru da dama yana yin finafinai a Nijar har ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya taɓa ɗaukar masunta Sorkawa suna farautar dorina a kogin Kwara. A 1954 ya koma garin Ayoru ya nuna musu fim ɗin. Da suka kalla sai suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kan farautar, suka ce dorina tana ji, kiɗa kuma zai ƙara mata ƙarfin zuciya, shi ya sa su a shiru suke farautarta. Ya karɓi gyaran ya cire kiɗan. Darasi biyu nake ɗauka daga wannan. Na farko, Gani tana da kiɗanta, algaita da kakaki da tambari da muryar maroƙa, ba ta buƙatar ka ɗora mata kiɗan fiyano da ka sauko da shi daga intanet, waƙoƙin manyan mawaƙanmu kuwa suna da magada, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 tana kare su, YouTube ma tana iya toshe fim ɗin ko ta karkatar da kuɗinsa. Na biyu, kuma mafi girma, mutanen da ka ɗauka su ne za su fara kallon fim ɗin kafin kowa. Iyayenmu sun san majigi, motar da take zuwa gari a zamanin Turawa a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna musu abin da wasu suka shirya a kansu ba tare da an tambaye su ba. Kai ɗan gari ne, ka ari majigi ka kafa a ƙofar gidan mutuminka bayan isha'i, ka zauna a baya kana kallon fuskokinsu. Za su gyara maka sunan sarautar da ka rubuta ba daidai ba, za su nuna maka hoton da zai jawo wa wata mata magana a gidan mijinta. Ba kowane gyara ne za ka karɓa ba, amma duk abin da zai cutar da wanda ya amince maka, cire shi.

Wannan ya fi tsanani idan wata rana aikinka ya kai ka ƙauyukan da matsalar tsaro ta shafa a jiharmu. A can fuskar mutum ko bishiyar da ke bayan gidansa tana iya zama sanadin ajalinsa, saboda haka ana ɓoye fuska da murya da duk alamar wuri. Ka kuma san cewa hukuma tana sa ido: a watan Agustan 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindigar daji. Wannan fage ne da ba a shigarsa da fim na farko.

Duk abin da ka ɗauka ka ajiye shi a wuri uku, biyu a rumbuna daban-daban, ɗaya kuma a wani gida ko a ma'ajiyar intanet, kuma kada ka goge katin waya sai ka buɗe kwafin ka ga yana aiki. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan aikin da gwamnati ta kashe wa kuɗi ya kusa salwanta, ka auna abin da zai sami wanda ke cikin waya ɗaya. Cikakkiyar hirar da ka yi da dattijo, har da abin da bai shiga fim ba, ka ba iyalansa kwafi.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Daga ɗauka ɗaya za ka iya fitar da abubuwa da dama: cikakken fim don YouTube, gajerun yankuna na minti ɗaya a tsaye don TikTok da WhatsApp, sautin hirar zalla don gidan rediyo, wanda har yanzu ya fi komai isa ƙauye, da hotuna tare da rubutu don jarida. Kada ka sa ran kuɗin talla da wuri, YouTube ba ta fara raba kuɗin talla sai tasha ta sami mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kuma mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Idan kuwa bukukuwa kake hari, ka riƙe cikakken fim ɗin kada ka sake shi a intanet tukuna, domin da yawansu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita. A gida akwai iREP a Legas, wanda aka kafa a 2010 musamman don dokumentari, da bikin Zuma na Hukumar Finafinai ta Najeriya a Abuja. A Wagadugu akwai FESPACO tun 1969, duk bayan shekara biyu. Mafi girma a wannan fanni shi ne IDFA na Amstadam da ake yi a watan Nuwamba, yana kuma da asusun IDFA Bertha Fund mai tallafa wa masu fim na Afirka da wasu yankuna, haka ma Hot Docs na Toronto yana da asusun Blue Ice don finafinan Afirka. Galibin bukukuwa ta shafin FilmFreeway ake aika musu. Su masu ba da tallafi abin da suke fara dubawa shi ne aikin da ka riga ka gama da 'yan mintocin gwaji na sabon, don haka wannan gajeren fim da za ka yi da wayarka shi ne takardar shaidarka, kyamara kuma idan babban aiki ya zo ana hayarta na kwanaki.

Tsakanin Babbar Salla da Gani wata uku ne. Ka sami mutuminka kafin watan Zulhajji ya kama, ka ɗauki hawan Babbar Salla a matsayin gwaji, ka dawo ka saurari abin da ka naɗa da abin sauraro a kunne, ka rubuta duk kuskuren da ka ji da wanda ka gani. Muharram da Safar ka ba wa zaure da rumfa da barga. Idan ka haɗa minti uku na farko ka turo mini in saurara.